Tambayi Likita: Murar Aladu, An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Tun da aka fara jigilar maniyyatan bana, wato 2009, wasiƙu da saƙonnin tes da ke shigowa wannan fili suka koma magana ɗaya, murar aladu. Na ajiye tambayoyin basir da na hawan jini zuwa fitowa ta gaba, masu su su yi mini haƙuri. Wasu wasiƙun na taƙaita su, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Gardama ta ƙi ƙarewa a majalisarmu. Ni na ce mu yi hattara da murar aladun nan, abokaina suka ce tunda ba ma cin alade, ba ma kiwonsa, wasunmu ko ganinsa ba su taɓa yi ba, to babu ruwanmu da ita. Wani ma cewa ya yi azaba ce aka saukar wa masu cin sa. Ka raba mana gardama. (Wani ɗalibi daga Gwale, Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam. Kai ne da gaskiya, ɗana, amma kada ka yi wa abokanka dariya da yawa, domin sunan nan har gwamnatoci ya ruɗa.

Ƙwayar da ke kawo cutar, H1N1 muke kiranta. Da aka gano ta a Mekziko da jihar Kalifoniya ta Amurka a watan Afrilun 2009, masu bincike suka duba halittarta suka tarar gauraye ce: wani yanki daga murar aladu, wani daga ta tsuntsaye, wani daga ta mutane. Kason aladun ya fi yawa, sai 'yan jarida suka riƙe wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tun 30 ga Afrilu ta daina kiranta da sunan, amma ka san suna in ya bi abu, ba ya jin kira. Abin lura shi ne, tun ranar da ƙwayar ta iya tsallakawa daga mutum zuwa mutum ta gama da alade. Duk waɗanda ke kwance da ita yau a duniya, wajen 'yan'uwansu mutane suka ɗauka.

Dubi Masar. A ƙarshen Afrilu gwamnatinsu ta ba da umarni a yanka aladun ƙasar kaf, wajen 300,000, alhali a lokacin ko mutum ɗaya bai kamu ba. Yawancin aladun na Kiristoci Kibɗawa ne masu kwashe sharar Alƙahira, da ragowar abincin da suke tsinta suke kiwonsu. Aka yanka, aka huta. A farkon Yuni sai ga cutar ta sauka a filin jirgin sama, a jikin wata yarinya da ta taso daga Amurka. Zuwa Satumba kuma shara ta tare titunan birnin, babu mai cinye ta. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. A Kabul ma, alade ɗaya tilo da ke gidan namun dajinsu aka kulle a ɗaki, shi da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ranar 11 ga Yunin 2009, sa'ad da shugabar Hukumar Lafiya ta Duniya ta wancan lokaci, Margaret Chan, ta ayyana cutar a matsayin annobar duniya, ta riga ta shiga ƙasashe 74. Saudiyya, Malesiya, Indonesiya, duk sun binne mutanensu saboda ita. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai maganar azaba.

Ga yadda take tafiya. Wani ya yi atishawa a tafin hannunsa, ya goge a riga, ya iso majalisa ya ba mutum goma hannu. Cikin goman wani ya sosa ido, wani ya ɓare gyaɗa ya jefa a baki. Sannan ga kofin shayi guda yana zagaya ku. Wannan kofin ya fi duk aladun duniya hatsari a gare ku.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina da ciki wata bakwai, na uku ke nan. Maigidana ɗan kasuwa ne, yana zuwa Dubai da Chaina sarin kaya, kuma duk dawowa sai ya zo da mura. Na ji a rediyo an ce cutar nan ta fi kama masu juna biyu, tun ranar ba na barcin kirki. Uwar mijina ta ce tsoro ne irin na yaran zamani. Yaya zan yi? (Wata uwargida daga Funtuwa)

Amsa: Hajiya, Allah ya raba lafiya. Wannan karon rediyo ta fi Inna kusa da gaskiya, Allah ya huci zuciyarta, sai dai akwai gyara kaɗan. Ba kama masu ciki ta fi yi ba. Idan ta kama su ne ta fi yi musu illa. Garkuwar jikin mace takan sassauta lokacin goyon ciki don kada ta yaƙi abin da ke cikinta. Kuma a wata bakwai mahaifa ta taso ta tokare ƙirji, huhu ba ya samun filin buɗewa. Ke ma kin san yadda kike haki in kin ɗan ɗaga ƙafa. Huhun da ke cikin wannan matsi, in mura mai ƙarfi ta sauka a kansa, nan da nan take zama namoniya. Wani bincike da aka yi a Amurka, aka buga a watan Yulin 2009, ya nuna masu ciki sun ninka sauran jama'a wajen sau huɗu a yawan waɗanda cutar ta kai gadon asibiti. A Afirka ta Kudu, inda ta fi yaɗuwa a nahiyarmu, masu ciki suna da yawa cikin waɗanda suka rasu.

Duk da haka yawancin masu cikin da suka kamu warkewa suke yi, su haihu lafiya. Don haka ki yi barcinki, ki riƙe waɗannan.

In maigida ya dawo da mura da zazzaɓi, ya zauna a turakarsa kwana bakwai. Wani ya riƙa kai masa abinci, kofinsa da cokalinsa da tawul ɗinsa daban, taga a buɗe. Tsarabarki ki karɓa, ba zan shiga tsakaninki da leshi ba, amma ki wanke hannu da sabulu bayan kin karɓa.

In ke kika ji zazzaɓi tare da tari ko ciwon maƙogwaro, ki tafi asibiti a ranar. Kada ki ce bari ranar awo ta zo. Maganin da ke aiki a kan ƙwayar nan, Tamiflu, ya fi amfani in an fara shi cikin sa'o'i 48 na farko, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba mai ciki ba tare da jiran sakamakon gwaji ba. A duba jininki saboda zazzaɓin cizon sauro, don su biyun kan yi kama da juna a ranar farko. Farasitamol za ki iya sha ki sauke zafin jiki. Asfirin da ibufurofen da haɗe-haɗen kemis, a'a. In numfashi ya fara sarƙewa, ko ƙirji na ciwo, ko leɓe ya canza launi, ko kaki ya fito da jini, ko kika ji motsin yaro ya ragu, ko tsakar dare ne a nemo mota.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarki shi ne tafiye-tafiyen maigidan, ba murarsa ba. Shekarun baya an kawo mini wata mai ciki da ciwon huhu a kwana na biyar. Na tambayi me ya tsayar da su, aka ce mijin ba ya gari, ba a same shi a waya ba, babu wanda ya iya cewa ta fita. Mun yi abin da za mu iya, ta tashi, amma cikin bai tsaya ba. Kafin Alhaji ya sake hawa jirgi, ya bar miki izini a gaban mahaifiyarsa, ya bar kuɗin mota da na magani. In kina jin nauyin faɗa masa, ki ajiye masa mujallar nan a buɗe a wannan shafi.

Tambaya: Salam Likita. Mahaifinmu shekararsa 72, yana da ciwon suga da asma. Shekara tara yana tara kuɗin kujera, har shanu biyu ya sayar, bana Allah ya yi ya biya. Yanzu muna jin an ce tsofaffi kada su je. Mun gwada yi masa magana, ya ce in mutuwa ce, ina ya fi Makka daɗin mutuwa. Mu ƙyale shi ko mu hana shi? (Babban ɗansa, daga Gumel)

Amsa: Malam, wasiƙarka ce na fi daɗewa a kanta. Na karanta, na ajiye, na sake ɗauka.

Abin da kuka ji gaskiya ne. A watan Yuli ministocin lafiya na ƙasashen Larabawa suka zauna a Alƙahira, suka amince cewa waɗanda suka haura shekara 65, da yara 'yan ƙasa da 12, da masu ciwo mai daɗewa su haƙura da aikin Hajjin 2009. Masu ciki ma an ba su wannan shawara. Iran ta hana mutanenta Umarar azumi, Tunisiya kuwa ta soke zuwan alhazanta gaba ɗaya. Saudiyya ta kafa na'urorin auna zafin jiki a filin jirgin Jidda, sai dai na'ura mai zazzaɓi kawai take gani. Wanda ya ɗauki ƙwayar jiya zai wuce ta gabanta lafiya lau, domin cutar takan yi kwana ɗaya zuwa huɗu kafin ta nuna.

Akwai wani abu mai ban mamaki da ke wajen Baba. Wannan murar ta fi kama matasa da yara. Dangin ƙwayar sun yi ta yawo a duniya daga 1918 har 1957, saboda haka waɗanda aka haifa kafin nan da yawansu jikinsu yana da ɗan sauran sani a kanta. Baba ɗan wajejen 1937 ne, yana ciki. To amma wannan rage yiwuwar kamuwa kawai yake yi. Tsohon da ya kamu, ga asma ga suga, shi ne irin wanda muke kwana a kansa. Shekarunsa ba su dame ni kamar asmar ba.

Sau biyu ina bin tawagar likitocin alhazai, na san tantin Mina. Katifa na jikin katifa, mutum ya yi tari a wannan kusurwa, kafin Asuba an amsa masa a waccan. Ko shekarar da babu annoba, alhaji nawa ne ke dawowa ba da tarin Makka ba? Yanzu ka haɗa mutum sama da miliyan biyu daga ƙasashen da cutar ke tashe, a lokacin da sanyi ke shigowa.

In ra'ayina kake tambaya, ya ɗaga zuwa baɗi. Amma hanawa ba taka ba ce, ba tawa ba ce, kuma kun shigo masa ta ƙofar da ba ta ɓullewa. Dattijon da ya sayar da shanunsa don ya ga Ka'aba ba a tsorata shi da mutuwa. Ya ma ba ku amsa. Ku fara zuwa hukumar alhazai ta jiha ku ji ko za a ajiye masa kujerarsa zuwa baɗi, ku karɓo a rubuce, domin rabin tsoronsa kada kuɗin ya bi ruwa ne. Sannan ku nemo malamin da yake jin maganarsa. Shi zai tuna masa cewa ayar Ali Imrana ta ɗora Hajji ne a kan wanda ya samu iko, kuma lafiya na cikin ikon. Shi zai ba shi labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake yi, ya ce muna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Daga bakin malami wannan magana nasiha ce. Daga bakinka, ɗa ne ke gaya wa ubansa abin da zai yi.

In ya dage, to ku shirya shi da kyau, ku rabu da shi da fuska a sake. Abin shaƙar asmarsa ya zama biyu, ɗaya a jakar wuya ko ɗamarar harami, ba a babbar jakar da za ta yi nata hanyar ba. Maganin suga ya ishe shi har dawowa da ƙari, tare da takarda mai sunayen magungunan. Ranar da ya sauka, a nuna masa asibitin tawagar Najeriya tun bai buƙace shi ba. Jifa ya wakilta wani. Ɗawafi ya yi a sama ko a keken guragu, lokacin da jama'a suka ragu, ya bar wa matasa turmutsutsun Hajarul Aswad. Ƙyallen rufe hanci da baki yana taimakawa a cunkoso in ana canza shi da ya jiƙe. Hukuncinsa ga mai harami kuwa fagen malaman tawaga ne, ya tambaye su tun a sansani. Allurar sanƙarau da ta shawara da ɗigon shan inna, a yi masa su da gaske. Na san akwai masu sayen katin kawai, sa hannu da hatimi sun cika, fata ba ta ga allura ba. Sanƙarau ɗin bazarar 2009 kaɗai ya kashe sama da mutum 2,000 a ƙasar nan.

Ranar dawowa ma akwai aiki. Gari zai taso taryar Alhaji, a rungume shi, a sha zamzam da moɗa ɗaya. In ya sauko da tari da zazzaɓi, a jinkirta 'yan barka mako guda, masu ciki da jarirai kuma su gaishe shi daga bakin ƙofa.

Tambaya: Dokta, ga hunturu ya kawo kai, kowa majina. Ta yaya zan gane murar aladu da murar da muka saba? Mai kemis ɗin layinmu ya ce in sha kafso ja da baƙi, kowace iri ce za ta tafi. (Direban tasi daga Maraɗi)

Amsa: Da ido ba a rabewa tsaf, sai an ɗauki samfur daga hanci an kai babban ɗakin gwaji. Amma ga alama. Murar ƙura tana zuwa a hankali, hanci na zuba, kana atishawa, kana tuƙinka. Wannan kuwa faɗowa take yi lokaci guda: zazzaɓi mai zafi, tari, ciwon kai, jiki kamar an yi maka duka, wani har da amai da gudawa. Da safe kana lodi, da La'asar ka kasa miƙewa.

Kafson mai kemis ba ya taɓa ta. An yi shi ne don wasu ƙwayoyin daban, ƙwayar mura kuwa, wato bairas, ba ta san yana yi ba. Mai ƙarfi irinka, in ba ka da wani ciwo, hutu da ruwa mai yawa da farasitamol sun isa, cikin mako ka tashi. Ka ajiye motar har ka warke. Mutum shida a rufe da gilashi saboda sanyi, kai kana tari a gaba, ka san sauran. Yara kada a ba su asfirin a irin wannan zazzaɓi, yana iya taɓa musu hanta da ƙwaƙwalwa. In zazzaɓi ya wuce kwana uku, ko ya tafi ya dawo da ƙarfi, ko numfashi ya yi wuya, sai asibiti.

Tambaya: Likita, gaisuwa mai yawa. Ni da kiwon aladu nake biya wa yarana makaranta. Tun da maganar nan ta fito ciniki ya faɗi, maƙwabta kuma suna kallona kamar ni na kawo cutar. Aladuna za su sa mana ita? (Wata uwa daga Kafanchan)

Amsa: Mama, sannu da ƙoƙari. Ba ke kika kawo ta ba. Hukumomin lafiya da na abinci na duniya sun faɗa a fili cewa ba a ɗaukar ta ta hanyar cin naman da ya dahu. Zafin da ya kai digiri 70 yana kashe ƙwayar. Abin ma juyawa ya yi: a watan Mayu an samu aladu sun kamu a wata gona a lardin Albata na Kanada, kuma zaton da aka fi yi shi ne daga mutum suka ɗauka. Don haka in kina mura, ki tura wani ya ba su dusa. In kika ga suna tari sun ƙi abinci, ki kira likitan dabbobi, kada ki yi saurin kai su kasuwa.

Mutane suna haɗa ta ne da murar tsuntsayen da ta ɓulla a wata gonar kaji a Jaji a 2006. Waccan daga kaza ake ɗauka, shi ya sa aka yi ta kashe kaji. Wannan daban ce.

Tambaya: Ina koyarwa a Islamiyya, ɗalibai sun fi 80 a aji, randa ɗaya, moɗa ɗaya. Mu rufe makaranta? (Malama daga Azare)

Amsa: A'a, Malama, ba a kai nan ba. Birnin Mekziko ya rufe makarantu a Afrilu, har ƙwallo aka buga babu 'yan kallo, amma su a lokacin asibitocinsu sun cika. Ke abin da za ki yi: kowane yaro ya zo da gorar ruwansa, a ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, a buɗe tagogi ko ana sanyi. Mai zazzaɓi ya koma gida, kuma a yafe masa bulalar fashi, in ba haka ba gobe zai lallaɓo da ciwonsa. Darasin ma yana cikin littattafanku: an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in zai yi atishawa yakan rufe fuskarsa da hannu ko da tufafinsa. Ki koya musu su yi a cikin gwiwar hannu ko gefen hijabi, tafin ya zauna da tsabta. In kika ga rabin aji ya kwanta cikin mako ɗaya, ki sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma.

Tambaya: Kakata takan ba mu labarin marisuwa, wai har masu haƙa kabari suka gaji. Irinta ce ta dawo? Kuma akwai rigakafi? (Saƙon tes daga Zariya)

Amsa: Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Marisuwa ita ce murar 1918. Jirgin ruwa ya sauke ta a Legas a watan Satumba, jirgin ƙasa ya hauro da ita Arewa, kuma an ƙiyasta ta kashe wajen mutum 500,000 a Najeriya, a duniya kuwa miliyoyi masu yawa. Ita ma H1N1 ce, wato dangi ne na nesa. Amma ta 2009 ba ta nuna wannan ƙarfi ba. Zuwa ƙarshen Oktoba mace-macen da aka tabbatar a gwaji a duniya sun haura 5,000; na ainihi sun fi haka, domin a ƙasashe irin namu gwajin kaɗan ake yi, kuma rashin sanarwa ba rashin cuta ba ne.

Rigakafi an yi shi. Chaina ta fara yi wa mutanenta a Satumban 2009, Amurka a Oktoba. A lokacin, ƙasashe masu kuɗi sun riga sun kama yawancin abin da masana'antu za su iya fitarwa, mu sai abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattaro na gudummawa, kuma in ya iso ma'aikatan asibiti da masu ciki ne a gaba. Kafin nan, duk wanda ya zo maka da jaka a tasha ko a ƙofar masallaci ya ce allurar murar aladu ce ko Tamiflu ne yake sayarwa, ka riƙe kuɗinka.

Masu tambayar basir, ban manta da ku ba, ku ne farko a fitowa ta gaba.